Ciwon kai kullum da asuba, wai daga haƙora ne? Masu sani ku taimaka

Tela Herwagana:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya san harkan haƙori ko kuma wanda irin abun nan ya taɓa samu ya taimaka min da shawara, don ni kam ya ishe ni. Ni tela ne a nan cikin Gombe, shekarata 34. Yau kusan wata takwas kenan kullum na tashi sallar asuba sai in ji kaina kaman an naɗa mishi rawani an tamke, nan gefe da gefe tsakanin ido da kunne, wani lokacin har ya gangaro ƙeya da wuya. Ba sara yake yi irin na zazzaɓi ba, nauyi ne da matsewa, sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya yake ɗan sakina, in kuma aiki ya yi yawa da la'asar ya dawo. In zan yi hamma ko in gatsa abu mai tauri sai in ji ƙas a gaban kunnena na dama, ranan nan a wajen walima na ɗau nama zan tauna sai da na ajiye saboda zafi.

Ba zama na yi ba. An min gwajin maleriya da taifod har sau biyu, na farkon aka ce akwai maleriya kaɗan, na sha magani ciwon kai na nan. An auna jinina ya fi sau biyar lafiya lau. Wani abokina ya ce ido ne tunda aikinmu zura zare ne da kallon allura, na je aka duba aka bani tabarau, gaskiya yanzu ina ganin allura tar amma kan bai bari ba. Farasitamol kuwa baya rabuwa da aljihuna, biyu da safe biyu da yamma, in ya ƙi in ƙara da diklofenak.

Abun da yasa na fara zargin haƙori, maiɗakina ce ta ce in ina barci ina gurza haƙora, ƙaran har tashinta yake yi, kaman ana goga dutse da dutse. Ni ban san ina yi ba. Sannan shekara biyu da suka wuce an cire min turmi ɗaya na ƙasa ta hagu da ya yi rami, ban saka komai a gurbin ba, tun daga nan ta dama kawai nake tauna abinci.

Shekaranjiya ƙanena ya nuna min wani bidiyo a Facebook, wani likita ne a Amurka ya sa wa wata mata wani abu siriri kaman leda a baki ta cije, nan take kwamfuta ta nuna wasu sanduna ja da shuɗi, wai jan shine inda haƙori ke riga 'yan uwansa haɗuwa. Ya ɗauko inji ya ɗan goge wajen, matar ta ce ciwon kan da ta yi shekaru tana fama dashi ya tafi. Tun da na kalla na kasa cire abun a raina.

To tambayata, da gaske rashin daidaiton cizo na sa ciwon kai? Akwai irin wannan na'urar a Gombe ko Bauchi, ko sai Kano ko Abuja? Sannan akwai wani mai shagon haƙori da na yi wa bayani, ya ce in zo kawai ya goge min haƙoran dama su yi daidai da na hagu, ba sai da wata kwamfuta ba. In je ko kar in je? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Bappa Direba:

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya baka lafiya. Ni ba likita bane, babbar mota na ja shekara da shekaru, siminti nake ɗauka daga Ashaka. Lokacin da nake tafiyar dare, goro a baki kofi a fulas, in na isa na sauka sai in ji muƙamuƙina ya ƙage kaina na ciwo daidai inda ka faɗa, ashe duk hanya haƙora a datse nake tuƙi ban sani ba, sai yaron mota ne ya lura ya faɗa min. Da na bar tafiyar dare abun ya ragu da kanshi. Kai awa nawa kake barci? Na san ku teloli in an kawo wuta da dare baku san kwanciya ba, balle in sallah ta matso.

Da muna yara in yaro na cizon haƙora a barci iyayenmu cewa suke tsutsar ciki ce, ban hana ka sha maganin tsutsa ba. Amma maganar a goge maka haƙori a shago kam kar ka yarda, haƙorin babba in ya tafi baya tofowa.

Malama Tumfure:

Sannu Malam Tela. Ni kam zan ce eh yana sawa don ya faru dani, amma ka karanta nawa da kyau ka ga ko iri ɗaya ne da naka. Bara aka min ciko a turmin sama, lokacin bakina duk ya mutu da allura, aka ce in cije in ji ko ya yi daidai nace ya yi, ina zan sani tunda ko leɓena bana ji. Washegari da allurar ta sake ni sai naji in na rufe baki wannan haƙorin ne ke fara taɓawa, kaman an bar min ƙwayar tsakuwa a cikin shinkafa. Kwana uku sai haƙorin ya fara zafi in na tauna, sai gefen kaina na wannan ɓarin ya ɗauka, ina gaban allo ina koyarwa amma hankalina na kan bakina, sai juya muƙamuƙi nake ina neman inda haƙoran zasu zauna. Sati biyu ina haka ina cewa zai saba.

Da na koma, likitar ta ɗauko wata 'yar takarda shuɗiya kaman kabon ɗin rasiti, ta riƙe da ɗan ƙarfe ta sa min tsakanin haƙora tace cije cije cije, yanzu gurza hagu da dama. Ta bani madubi, sai ga tabo shuɗi ɓaro-ɓaro a kan cikon shi kaɗai, sauran haƙoran ɗigo-ɗigo ne kawai. Ta taɓa wajen da inji ko minti biyu ba a yi ba, na rufe baki naji komai ya koma mazauninsa. Cikin kwana huɗu ko biyar kai ya daina. Amma ka lura cikon ta rage, bata taɓa haƙorina na asali ba, kuma ni na san ranan da ciwona ya fara. Kai ka ce an cire naka shekara biyu, ciwon kuma wata takwas, to ka ga akwai tazara. Ka je asibitin gwamnati inda ake da sashen haƙori, asibitin koyarwa na tarayya, FTH, na nan kusa da kai.

Likitan Haƙori:

Malam Tela sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni likitan haƙori ne a Bauchi nake aiki, kuma irin ƙorafin nan muna jinsa sosai, mata 'yan shekara ashirin zuwa arba'in sun fi kawo shi amma maza ma suna nan. Ba zan ce maka ga ciwonka ba tunda ban taɓa fuskarka ba, sai dai in maka bayani yadda in ka je asibiti ka san me zaka tambaya.

Eh baki na sa ciwon kai, amma galibi ba haƙorin kanshi bane, naman da ke jan muƙamuƙi ne. Ɗora yatsunka a gefen kanka daidai inda kace yana matse ka, sai ka cije da ƙarfi. Ka ji abu ya taso ƙarƙashin yatsan? To tsoka ce, a baje take a gefen kai kaman mafici, ƙasanta ya bi ta bayan ƙashin kunci ya kama muƙamuƙin ƙasa. Akwai wata kuma a kumatu wajen kusurwar muƙamuƙi, gajera mai kauri. Su ne manyan masu rufe baki. Lafiyayyen mutum in yana zaune baya cin komai haƙoransa na sama da na ƙasa basa taɓa juna, akwai 'yar tazara ta milimita 2 zuwa 4, leɓe ne kawai a rufe. In aka tara duk lokacin da haƙora ke haɗuwa a yini, tauna da haɗiya, da ƙyar ya wuce minti ashirin. To ka ƙiyasta mutumin da ya kwana yana gurza, ya kuma wuni a kan keke ya sunkuyar da wuya ya datse haƙora yana bin layin ɗinki, ga fil a baki, ga yanke zare da haƙori, ga waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Kaman ka dunƙule hannu ne tun magariba har asuba, da safe ai dole damtse ya yi tsami. Shi yasa ciwon kan mai gurza haƙora ya fi zuwa da farkawa.

Ga kuma jijiya. Jijiyoyi goma sha biyu ne a kowane ɓari ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta biyar ɗinsu ta rabu reshe uku, ɗaya goshi da ido, ɗaya kunci da haƙoran sama, ɗaya muƙamuƙin ƙasa, kuma ita ce dai ke ɗauko ji daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Tunda duk saƙon wuri ɗaya yake zuba, sai ciwo na muƙamuƙi a ji shi a ido ko a kunne ko a goshi. Mai ciwon ɓarin kai ma in muƙamuƙinsa ya matsa mishi yakan tayar da shi, amma ba muƙamuƙin bane ya haifar da ciwon ɓarin kan. Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya a jerin da ta fitar a 2018 ta ware wa ciwon kan da ke tasowa daga muƙamuƙi gurbinsa, alamarsa kuwa ita ce tauna ko buɗe baki ko cizo na ƙara shi, kuma in likita ya danna tsokar gefen kai sai kace yauwa wannan shine ciwona. Wannan gwajin da yatsa ake yinsa.

Ƙas ɗin da kake ji, a gaɓar gaban kunne akwai wani ɗan faifai mai laushi tsakanin ƙasusuwan biyu kaman wosha, in ya ɗan zame gaba sai ya yi ƙara lokacin da ya koma wajensa. Mutane da yawa suna da shi basu da wani ciwo, mu bamu damu da ƙara ba sai in da zafi, ko baki na maƙalewa, ko baya buɗuwa ya ɗau yatsu uku a tsaye, wato wajen milimita 40. A kati zaka ga sun rubuta TMJ, gaɓar nan ake nufi, ko TMD, wato ciwon gaɓar da tsokokinta.

Yanzu maganar rashin daidaiton cizo. Tunanin ya daɗe, tun 1934 wani likitan kunne da maƙogwaro a Amurka mai suna James Costen ya rubuta cewa in mutum ya rasa turamensa muƙamuƙi na zurmawa ya jawo ciwon kunne da ciwon kai, aka yi shekaru da yawa likitocin haƙori suna goge haƙora suna ɗaga cizo a kan wannan fahimtar. Da aka zo ana bin diddigi sai aka ga ga mutane da haƙora a karkace ko giɓi biyu uku basu san ciwon kai ba, ga masu haƙora jere reras suna fama. A 1996 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, ta tara masana suka bada shawarar a fara da maganin da in bai yi ba za a iya janye shi, a guji wanda ke canza cizo har abada. A 2003 masu tace bincike na Cochrane suka duba gwaje-gwajen da aka yi a kan goge haƙora basu sami hujjar cewa yana warkar da ciwon muƙamuƙi ko hana shi ba. Gurza haƙora cikin barci ma yanzu an fi tafiya a kan cewa daga ƙwaƙwalwa umarnin ke fitowa lokacin da barci ke ɗan katsewa, kuma damuwa da ƙarancin barci da sigari da yawan kofi ko goro da munshari mai ɗauke numfashi duk suna ƙara shi. Bappa ya yi maganar tsutsa, ga babba irinka ba nan zamu fara nema ba, amma maganarsa ta barci da goro tana kan hanya.

Na'urar da ka gani kusan na tabbata T-Scan ce, ta wani kamfanin Amurka Tekscan, tun wajen 1987 take. Ledar da ake cizawa kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, tana nuna wane haƙori ya fara taɓawa da wanda ya fi ɗaukan nauyi, abun da takardar kabon bata iya faɗa da kyau, ita tabo kawai take bari. Na'ura ce ta gaske kuma tana da amfani. Sai dai in aka tara mutum goma lafiyayyu aka sa musu, da wuya ka rasa jan sanda a bakin kowa, don ba wanda haƙoransa ke sauka daidai wa daida. Ta nuna maka inda nauyi yake, bata ce shine ke sa maka ciwon kai ba.

Labarin Malama daban ne, sabon ciko ne ya yi tudu, an san ranan, an san haƙorin, kuma abun da aka ƙara aka rage. Wannan kullum muna yi kuma daidai ne. Amma wanda yace zai goge maka lafiyayyun haƙoran dama, dan Allah kar ka zauna mishi a kujera. Farin ɓawon haƙori inda ya fi kauri bai wuce milimita biyu da rabi ba kuma jiki baya mayar da shi, in an ci shi sai ruwan sanyi ya gagare ka sha. Ka tambaye shi ma ko yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN.

Abun da zaka fara daga yau, sati biyu zuwa uku abinci mai laushi, tuwo da miya, kunu, faten wake, ka ajiye ƙashi da rake da aya da kilishi da cingam. Tawul da ruwan ɗumi a gefen fuska minti goma zuwa sha biyar safe da dare. Ka liƙa 'yar takarda a jikin kekenka, duk sanda idonka ya faɗa kanta ka duba haƙoranka a haɗe suke ko a rabe, in a haɗe ne ka sake su harshe ya kwanta a bayan haƙoran sama. Fil ya koma kan kushin, zare da almakashi. Goro da shayi mai kauri su tsaya daga la'asar. Sannan ka je sashen haƙori a duba, in sun ga haƙoran sun cinye zasu auna bakinka a haɗa maka roba mai tauri da ake sawa da dare.

Ɗan Kasuwa Bajoga:

Dokta da girmamawa, amma ni ban gamsu duka ba. Ni an min aiki a Alƙahira, an dasa min haƙora biyu da ƙusa aka sa wa wasu uku hula. Ko wannan ƙullun da ake cusa wa mutum a baki har ya ji amai basu sa min ba, wani abu kaman buroshi mai kamara suka zaga dashi a bakina sai ga haƙorana gaba ɗaya a talabijin ana juya su, inji ya sassaƙa hular a ranan. Bayan an saka na yi kwana biyu kaina na ciwo, suka sa min wannan ledar da ake magana na cije, kwamfuta ta nuna ɗaya daga dasashen ne ke ɗaukan nauyin, alhali sun riga sun gwada da takarda sun ce lafiya. Suka rage, na samu sauƙi. To ni a ganina sau da yawa in bamu da abu sai mu ce bashi da amfani. Bawan Allahn nan wata takwas yana wahala, in yana da hali meye laifin ya je inda na'urar take a duba shi?

Likitan Haƙori:

Alhaji ban ce bata da amfani ba, wallahi da za a kawo min ita da wannan kamarar da ka faɗa gobe da na fi kowa murna. Sassaƙa hula da kwamfuta tun 1985 aka fara shi a jami'ar Zurich da na'urar CEREC, mu har yanzu yawancinmu ƙullun nan muke kwaɓawa a kofin roba mu zuba siminti mu kai lab, marar lafiya ya yi ta zarya. Ba abun alfahari bane kuma yana damuna.

Naka ma shine ainihin inda na'urar ta fi amfani. Haƙorin da Allah ya halitta a rataye yake cikin ƙashi da wasu siraran zaruruwa, in ka cije yana ɗan lotsawa kuma yana gaya wa ƙwaƙwalwa nauyi ya yi yawa a sassauta. Dasashe kuwa ƙarfen taitaniyam ne da ya manne da ƙashi kai tsaye, kusan baya motsi kuma baya ji kaman na asali, in ya yi tudu ko kaɗan shi zai kwashe nauyin, hular ta tsage ko noti ya kwance. Don haka wanda aka yi wa aiki mai yawa irin naka ya cancanci a auna shi da ita. Amma ka ga kai ma abun da aka saka maka aka rage, kuma ciwonka kwana biyu da aikin ya fara, layinku ɗaya da Malama.

Malam Tela ba a saka mishi komai ba. Tsorona ya sayar da keke ya tafi Abuja a nuna mishi jan sanda a allo, a goge haƙori huɗu biyar, ya dawo ya ci gaba da kwana yana gurza. Robar dare ko da kwamfuta aka buga ta ko da hannu aka haɗa a lab aikinta ɗaya, in dai mai tauri ce ta rufe duk haƙoran layin kuma likita ya daidaita ta. Bata cika hana gurzawa ba, tana kare haƙora ne wasu kuma tsokar ta sassauta musu, in bata yi ba a cire a ajiye ba a rasa komai ba. Masu laushin nan da ake tsomawa a ruwan zafi a cije, wasu ƙara taunawa suke sa su. Hoto ma haka, na zagaye da ke nuna duk baki ya isa a fara dashi, hoton kwamfuta da ake kira CBCT ƙashi yake nunawa, faifan gaɓa kuwa sai MRI, kuma ba kowa ke buƙatarsu ba sai baki ya maƙale ko an yi watanni ba sauƙi.

Giɓinsa kam ya kamata a duba, in aka bar gurbi na sama yakan sauko na kusa kuma su kwanto ciki. A cike shi don ya samu tauna ta ɓari biyu, amma ba zan mishi alkawarin shine zai cire ciwon kan ba.

Adda Nas:

Ƙanina ni abun da ya tsaya min a rubutunka maganin da kake sha ne, ba wanda ya tsaya a kai. Wanda ke shan farasitamol ko diklofenak ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata har ya wuce wata uku, maganin da kanshi yana iya zama shi ke riƙe da ciwon kan, da ya sake ka kai ya dawo ka sake sha, haka za a yi ta zagaye. In da kodin ko tiramadol a ciki kwana 10 ma ya isa. Ga diklofenak da cin ciki da taɓa ƙoda, balle ku da kuke sha ba ku karya ba. In ka je ka faɗa wa likita adadin da kake sha ba ragi, shi zai tsara maka yadda zaka bari, kwanakin farko kan zai ɗan ƙaru ka daure.

Masu karantawa kuma kar kowa ya ɗauka duk ciwon kai haƙori ne. Ciwon da ya faɗo lokaci ɗaya kaman an rotsa kai, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ko ɓarin jiki ya mutu ko baki ya karkace ko gani ya dushe, ko mai ciki da ciwon kai da kumburi, wannan imajensi ne a ranan. Dattijon da ya haura hamsin da sabon ciwon gefen kai, muƙamuƙi na gajiya in yana tauna, shi ma kar ya kwana, yana iya taɓa ido.

Tela Herwagana:

Salam, na dawo in faɗa muku inda aka kwana, yau sati uku. Bappa, Malama, Dokta, Alhaji, Adda, Allah ya saka muku da alheri ya jiƙan iyaye. Ban koma wajen mai shagon ba. Na je sashen haƙori, likitan ya sa safar hannu ya danna gefen kaina na dama da yatsa biyu sai da na riƙe hannun kujera, wallahi ciwon nan nawa na asuba sak ya taso. Ya auna buɗin bakina da rula, ya nuna min a madubi fiƙoƙina sun baje ba tsini, ga kuma wani farin layi a cikin kumatuna inda nake cizawa. Hoton zagaye aka min kawai.

Takardar da Dokta ya ce in liƙa a keke ita ta fi bani mamaki, ranan farko kusan duk sanda na kalle ta haƙorana a datse suke, musamman in ina aikin wuya. Bappa awa huɗu nake barci, yanzu sha ɗaya nake rufe shago ko da wuta. Maganin na bari yadda likita ya tsara, kwana biyar ɗin farko na sha wuya ba kaɗan ba. A satin nan sau biyu na tashi da ciwon kai kuma bai kai na da ba, ƙas ɗin kunne dai na nan. An auna bakina da ƙullun nan, ranan Laraba zan karɓo robar.

Dokta saura tambaya ɗaya, sun ce turmin sama ya ɗan sauko cikin giɓin, wai in zaɓa tsakanin haƙorin roba mai cirewa da wanda ake ɗaurawa jikin na kusa. In an saka ɗaya daga ciki sai an sake haɗa robar daren ne, ko in jira a gama cike giɓin tukunna?